Ƙarfen da Maman Auta Ke Riƙewa

Ranar da Direba ya kawo jirgin nan gida, Maman Auta tana kan keken ɗinki tana haɗa hannun wata riga. Ƙarar ce ta fara isowa, wani ƙiiii mai sa haƙori tsami, kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Ta leƙa ta taga, sai ga tsohuwar motar mijinta tana shigowa da baya da baya, tana turo wani abu cikin tsakar gida. Kwale-kwale ne na alminiyum, irin na masu kamun kifi, duk ya lotsa, fentinsa ya ɓaɓɓare, yana zaune a kan 'yar tirela mai taya biyu wadda tsatsa ta gama da ita. Taya ɗaya ma a sace take.

"Baban Auta, wannan kuma bolar wa ka kwaso mana?"

"Bola? Jirgi ne fa. Gyara kaɗan yake so."

Gyara kaɗan! Duk matar da ta zauna da namiji ta san abin da ke bayan maganar nan. Maman Auta ta koma ta zauna, amma ƙafarta ta ƙi taka keken.

Ba kuɗin ne ya dame ta ba, ba kuma tsakar gidan da aka cinye mata ba, har ta rasa inda za ta yi shanya. Abin ya fi haka. Tun da aka yi aurensu mutumin nan a kan hanya yake, yana jan manyan motocin kaya daga wannan gari zuwa wancan. Ita ta yi goyo, ita ta kai asibiti, ita ta je makaranta ba da haƙuri in yara sun yi laifi. Shi kuwa sai ya faɗo gida yana warin baƙin mai, ya ci abinci, ya yi barci kamar an sare shi, kafin ta gama tattara labaran da ta ajiye masa ya sake ɗaukar jaka. Ta tsufa a bakin tagar nan tana jiran ranar da zai ajiye tuƙi. Da ciwon baya ya sa likita ya hana shi hawa babbar mota, a fili ta yi masa jaje, a zuci kuwa har da 'yar rawa ta taka.

To ga shi ya dawo, sai me? Mutum bai san inda ake ajiye cokali a gidansa ba. In ya zauna a kujera sai ya ɗosana a bakinta kamar mai jiran a kira shi. In sun gaisa, sun yi maganar zafi da ta wuta da aka ɗauke, shi ke nan hira ta ƙare, sai ƙarar makullan da yake juyawa a aljihu. Yara duk sun watse, Auta ma da ta rage aiki ya kai ta wani gari. Gida ya zama su biyu, suna ta ba juna hanya a ƙofar ɗaki kamar baƙin da suka haɗu a masauki. Yanzu kuma ga jirgi. Ba sai an yi mata bayani ba: an raba shi da hanya, ya samo ruwa. Abin ya yi mata zafi ƙwarai.

Da tirelar ya fara, shi kaɗai. Ta taga take kallonsa ya ɗaga ta da jak, ya cire tayoyin, yana kankare tsatsa da burushin waya har gashin girarsa ya yi ja. Ya fito da boris ɗin cikin tayoyin da suka daskare, ya wanke su da fetur a tsohon kwanon da take jiƙa wake, bai ko tambaye ta ba. Ya cika su da giris, ya mayar, ya juya tayar da hannu ya kara kunne yana lumshe ido. Ya ja sabuwar waya zuwa fitilun baya, ya yi mata fenti baƙi. Da Auta ta ga hoton a waya sai da ta yi dariya har da tari.

"Baba, daga waccan ƙatuwar mota sai wannan 'yar amalanken? An rage maka girma fa."

"Ke dai ki yi ta iya shege. Ranar da na aiko miki da kifi kya san amalanke ce."

Da ya zo kan jirgin ne aiki ya tsaya. Irin jirgin nan ba walda aka haɗa shi da ita ba, ƙusoshi ne 'yan gajeru masu faɗin kai, a jere kamar maɓallan riga, kowace an dake bayanta ta baje ta kama. In sun tsufa sai su saki, ruwa ya riƙa bi. Direba ya tokare tirelar da bulo, ya ja tiyo ya zuba ruwa a cikin jirgin har ya kai idon sawu, sannan ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙasa da alli a hannu. Duk ƙusar da ta ɗiga sai ya zagaye ta. Da ya fito, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙasan jirgin kuma ya yi fari da alli kamar mai ƙyanda.

Mai walda, maƙwabcinsu, ya leƙo ta kan katanga. "Direba, turo min shi shago mana, kafin la'asar na bi su duka da wuta ka huta."

"Wuta tana cin alminiyum. Bar min abina."

"Taurin kai dai," in ji Maman Auta a ranta, tana jin su.

Da safe sai ga shi a ƙofar ɗakin ɗinki yana ta gyaran murya, kamar wanda ya zo neman aron kuɗi. "Maman Auta, ko za ki ɗan kama min wani aiki? Abin ba ya yiwuwa da mutum ɗaya."

Ta so ta ce tana da ɗinkin mutane. Ta so ta ce ba za ta taya shi gina abin da zai raba ta da shi ba. Amma rabon da ya ce yana bukatarta a wani abu har ta manta, sai kawai ta tsinci kanta tana cire zare daga wuya.

Aikin ba wuya a faɗe. Shi zai kwanta a ƙasa, ya huda tsohuwar ƙusa da injin huda, ya tura sabuwa. Ita za ta shiga ciki da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi, ta ɗora shi a kan bakin ƙusar da ya leƙo, ta danne. In ta shirya sai ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, shi kuma ya yi ta duka da guduma daga waje har ƙusar ta baje a jikin ƙarfenta. In ta ga ta baje sai ta ƙwanƙwasa sau biyu ya tsaya. Dukan farko sai da ta ji shi har cikin haƙoranta.

"Wayyo! Baban Auta, hannuna za ka karya?"

"Ki danne dai. In kin saki ne yake zafi."

Wajen ƙusa ta nawa ne ma, ba ta tuna ba, sai ta ji muryarsa ta taso daga ƙasa, ta ratso ƙarfen har tafin ƙafarta. Wai dukan nan ya tuna masa da wata rana da ƙafar motarsa ta fashe a kan wata gada, shi da yaron motarsa suka kwana biyu suna cin busasshen burodi. Tana jira ya tsaya, bai tsaya ba. Daga gada ya koma kan wani mai shayi da ke kiransa angon hanya, daga nan ya koma kan wata karya da ta riƙa tare shi a tasha ɗaya shekara da shekaru. Ikon Allah! Mutumin da ke ƙirga kalmominsa a falo, ga shi a ƙarƙashin jirgi yana zuba kamar famfon da ya lalace.

Ita ma bakinta ya buɗe. Ta ba shi labarin ranar da babban ɗansu ya haɗiye kwabo, da yadda ta yi gudu da shi ba takalmi. Ta gaya masa ashe Auta ta taɓa tsayawa a gaban 'yan ajinsu ta ce babanta shi ne mai duk motocin da ke wucewa. Ya yi dariya har jirgin ya girgiza. Ba ya ganinta, ba ta ganinsa, falle ɗaya na alminiyum ne a tsakaninsu, kuma shi ne ya sa maganar ta yi sauƙi.

Wata safiya yana cikin huda ya ce, "Ranar da aka haifi Auta, a wayar tasha aka gaya min. Na ja mota na yi gaba kaɗan, na faka a gefen hanya na yi ta kuka kamar yaro. Masu wucewa sun ɗauka lalacewa na yi."

Ƙarfen ya kusa suɓuce mata. "Ba ka taɓa faɗa min ba."

"Ba ki taɓa tambaya ba."

"Yaushe ka zauna da zan tambaye ka?"

Ya gama huda, ya tura sabuwar ƙusa. Can ya ce, "Kin shirya?" Ta ƙwanƙwasa, ya buga.

Haka suka riƙa yi kullum da safe kafin rana ta gasa ƙarfen. Maman Auta ta koma tashi da ɗoki kamar yarinya, har sabon ɗankwali take ɗaurawa don shiga jirgin da ko ganinta ba a yi a ciki. Sai dai duk ƙusar da suka gama, in an gwada da ruwa ba ta ɗiga ba, sai ya sa babban yatsa ya goge allinta. Farin yana raguwa, gabanta yana faɗuwa. Ranar da ya rage 'yan kaɗan sai ya fara maganar tafki. Wai wani tsohon abokin aikinsa ya ce kifin can da duku-duku yake ci, dole mutum ya yi sammako, wani lokaci ma gara a kwana a bakin ruwa.

A kwana. Ta hango kanta a bakin taga, ta hango jakar nan a kafaɗarsa. Ya ce kin shirya, ta ƙwanƙwasa, amma da gudumar ta sauka sai ta ɗan sassauta hannu, ta karkata ƙarfen kaɗan. Ƙusar ta baje a karkace. In ba kai ka yi ba, ba za ka gane ba.

Da aka zuba ruwa ta ɗiga. Direba ya ce, "Ikon Allah," ya sake zagaye ta da alli. Maman Auta ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, amma wallahi a ƙarƙashin kunyar akwai daɗi. An ƙara mata gobe.

Daga nan abin ya zama jiki. Ba ta ɓata su duka, ai ba wawuya ba ce. In ta riƙe uku da kyau sai ta saki ɗaya, wani lokaci ta koma kan wadda ya ce bai yarda da ita ba a sake, ita ma ta sake ta. Alli ya ƙi ƙarewa. Masu ɗinki suka fara yi mata zarya suna tsaki. Mai walda kuwa ya samu abin yi, kullum yana kan katanga.

"Direba, wai jirgi kake gyarawa ko rariya? Ko dai sai jikokinka ne za su shiga?"

"Tsohon ƙarfe ne, sai a hankali," in ji Direba daga ƙasa, ko a jikinsa. Ya ci gaba da labarin da yake ba ta na wani ɗan sanda mai son rake.

Ranar da abin ya juya, daga kasuwa ta dawo da yamma, ta sayo zare da maɓallai. Ta turo ƙofa a hankali saboda kayan hannunta, bai ji shigowarta ba. Yana zaune a cikin jirgin a kan sabon katakon da ya kafa, ga sandar fatsa a hannunsa, zaren ya sauka ta gefen jirgi, ƙugiyar tana kwance a kan busasshen siminti kusa da tsintsiya. Idonsa yana kan katanga, amma ba katangar yake gani ba. Kafaɗunsa sun sauka, bakinsa a ɗan buɗe.

Ta san fuskar nan. Ta sha ganinta a gilashin taga in duhu ya fara, tana jiran ƙarar motar da ba za ta zo ba. Ashe abin da aka yi mata shekara da shekaru shi take yi masa, da hannunta, da dunƙulen ƙarfe. Tausayinsa ya kama ta. Ta ja da baya ta fita, ta sake buga ƙofar da ƙarfi don ya samu ya ɓoye sandar.

Washegari ta shiga jirgin ba sabon ɗankwali. Ta durƙusa, ta kama ƙarfen da hannu biyu, ta ɗora gwiwa, ta sa duk nauyin jikinta. Kowace ƙusa ta baje daidai, zagayayya kamar kwabo. Ya fara wani labari, ya kai tsakiya ya bar shi. Daga nan har suka gama ba wanda ya ce uffan, sai ƙwanƙwasa da duka.

Ita ta ja tiyon da kanta. Ruwa ya hau har idon sawu, ta kashe famfo, ta tsaya riƙe da gefen jirgin. Ƙafafunsa kawai take gani sun leƙo daga ƙarƙashin tirela, da tsofaffin silifas ɗinsa. Ya daɗe a ciki, har ta fara tunanin ko bayan ne ya riƙe. Kwalin da yake kwance a kai a bushe yake ƙamas.

"Ya kama," in ji shi daga ƙarshe.

"To madalla. Gobe sai tafki ke nan." Ta yi ƙoƙari muryarta ta fito daidai. "Bari in wanke maka fulas. Ka tafi da rigar sanyi, bakin ruwa ba kamar gida ba ne."

Ta shige kicin. Tana jin ya zare toshiyar jirgin, ruwan yana malala ta tsakar gida yana fita ta rariya. Ta wanke fulas ɗin, ta sake wanke shi, hawaye yana ɗiga a bayan hannunta tana gogewa da haushi. Tsohuwa da ke, in ji ta, me ya rage da ba ki saba ba? Sai ta ji ƙarar injin huda.

Ta fito da kumfa a hannu. Yana ƙasa, ya kafa injin a kan ɗaya daga ƙusoshin safiyar nan, garin alminiyum yana zubo masa a ƙirji.

"Baban Auta! Me kake yi haka? Wannan lafiyarta ƙalau, da duk ƙarfina na riƙe ta!"

Ya kashe injin. Bai fito ba. "Na sani. Na ji."

"Ka ji me?"

"Ni da na ƙare rayuwata ina sauraron inji? Ƙusar da aka danne da wadda aka saki ba kukansu ɗaya ba."

Ta dafa tayar tirela ta tsuguna. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ta farko."

"Shi ne ka yi shiru, kana ta cewa ikon Allah? Kana barin mai walda yana yi maka dariya?"

"Tsoro na ji. Na ce in na yi magana za ki daina."

Kumfar tana bushewa a hannunta. Da ƙyar ta ce, "Na gan ka jiya da sandar fatsa."

"Ruwan ina sonsa, ba zan yi miki ƙarya ba." Ya ja numfashi. "Amma a mota ma haka nake zama, ina kallon hanya ina ganin gidan nan. In tara magana cike da ciki, in ce yau in na isa sai na faɗa mata. Ina shigowa in gan ki tsaye, kin yi komai ke kaɗai, sai in ji ban da bakin magana. A ƙarƙashin nan ne kaɗai ta yarda ta fito. Yanzu an gama, ban san inda zan kai sauran ba."

Kai, maza! Da a ce tsaye yake da ta kai masa duka da soson wanke-wanke. Shekarun da suka tafi ba mai dawo musu da su, kuma ta ji zafinsu sabo fil a lokacin, nata da nasa a haɗe. Ta share fuska da gefen zani.

"Mai tuƙa jirgin nan a ina yake zama?"

"A baya, wajen inji."

"Wanda aka ɗauko fa?"

"A gaba. Yana kallon ruwa."

"Wato ya juya wa mai tuƙi baya."

"Haka ne."

"To ka nemo min rigar nan da ke hana nutsewa. Ni ko a baho tsoron ruwa nake, in na faɗa kai za ka yi wa Auta bayani. Kuma ba inda za a kwana."

Sai ta ji yana jan hanci. Ta miƙe, ta tattare zani, ta taka tayar ta haye cikin jirgin. Ƙasan yana da sauran danshi. Ta ɗauki dunƙulen ƙarfen ta durƙusa tana neman inda ya huda, sai ta gan ta, 'yar huda da ba ta fi ƙwayar wake ba. Ta sunkuya ta kara ido. Ta can ƙasa idonsa ne, ja, cike da ruwa, yana kallonta. Duk tsawon aikin nan ba su taɓa ganin juna ba sai yanzu, kuma ba wanda ya kau da kai.

"Ina muka tsaya da labarin ɗan sandan nan?" in ji ta.

"Bari mu rufe wannan tukuna."

Idon ya kauce, ƙusar ta shigo ta cike hudar. Ta ɗora ƙarfen a kai, ta danne da hannu biyu, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya.